Hannu a Kan Bonet

Litinin, 2 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Yau na je kallon mota. Shi nake so in fara rubutawa, don shi nake so in tuna idan na buɗe wannan shafi wata rana.

Daga wurin aiki na wuce kai tsaye, ko rigar aikin ban cire ba. Kamfanin nan ne mai bangon gilashi, wanda mutum ke ganin fuskarsa a daɓen ƙasa saboda sheƙi. Wata mai jar riga ta tare ni, ta kalli takalmina kafin ta kalli fuskata. Na gaya mata irin motar da nake nema, ƙaramar cikinsu, autar gidan. Ta ce ai da ita ake farawa kafin a hau manyan. Na ce ni ba hawa na zo yi ba, ita ɗin nake so.

Shekara ashirin da takwas Baba ya yi yana tuƙa babbar yayarta. Darakta a baya yana karanta jarida, Baba a gaba da hularsa. Sau nawa ya buɗe ƙofar bayan nan, Allah kaɗai ya sani, amma bai taɓa zama a ciki ba. Ko wanke ta yake yi, durƙusawa yake a bakin ƙofa ya miƙa hannu ya goge kujerar. Ina 'yar shekara tara na ce masa idan na girma zan sayi irinta, ni in tuƙa, shi ya zauna a baya ya karanta jarida. Ya yi dariya har hular ta faɗi, ya ce to Kwandasta, ina jira. Har yau Kwandasta yake kirana, kuma ba a yin wata uku bai tambaye ni ina motarsa ba. Shekara shida ina tarawa, da niyyar sai baɗi.

Hoton ƙirjinsa ya fito da safe. Aikina ke nan shekara goma sha ɗaya, ɗaukar hoton ƙirjin mutane. Ba ni ke fassarawa ba, likita ne. Na ɗaga shi sau ɗaya a gaban fitila, na mayar da shi ambulan.

Mai jar rigar ta ce sabuwa babu a ƙasa, sai an yi oda, mako shida zuwa takwas. Na yi mata godiya na fito.

Talata, 3 ga wata, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Baba yana gado na huɗu, kusa da taga, a hawa na biyu na asibitin da nake aiki. Matakala ɗaya ce tsakanin ɗakin hotona da shi, amma yau sai da na tsaya a tsakiya na huta.

Na gaya masa na fara neman motarsa. Na ce ta hannu zan saya, wadda ba ta sha wuya ba. Ban yi zancen mako shida ba. Mutumin da tun Asabar bai haɗa magana biyu ba, sai ga shi ya ce a ɗaga masa matashi. Ya ce kada fenti ya ruɗe ni, kada turaren da suke fesawa ya ruɗe ni, in duba tayoyi huɗu su zama iri ɗaya, in leƙa ƙarƙashi ko da zanina zai ɓaci. Sannan ya kama hannuna.

"Ki je da sassafe, kada ki gaya musu kina zuwa. Kafin ki gaisa da kowa, ki ɗora hannu a kan bonet, murfin injin nan. In kin ji ɗumi, ki juya abinki. Motar da aka tayar kafin ki iso, akwai abin da take faɗa da sanyi wanda ba a so ki ji."

Na ce na ji. Ya ce in maimaita. Na maimaita kamar 'yar firamare, mutumin gado na uku yana ta yi mana dariya.

A baranda Yaya ya tare ni. Ya ji komai. Ya ce yanzu mota ce a gabana? Na ce e. Ya yi mini kallon nan nasa na babban wa, wanda ke sa mutum ya duba ko ya zubar da wani abu a riga. Bai ga hoton ba, kuma ko ya gani, baƙi da fari kawai zai gani. Ban yi masa bayani ba.

Laraba, 4 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Hoto goma sha tara na ɗauka yau. Ja numfashi, riƙe, saki. Duk nasu lafiya lau, kuma Allah ya yafe mini, haushinsu na ji.

Alhamis, 5 ga wata, ƙarfe shida da rabi na yamma

Na same ta. A wani fili bayan gidan mai, motoci wajen talatin a jere ƙarƙashin rumfar kwano. Launin toka ce mai duhu, shekararta biyar, kujerun fata masu ruwan ƙasa. Na buɗe ƙofar baya na rufe, ta yi wannan ƙarar mai nauyi da na tashi ina ji a ƙofar gidan Darakta. Bayan bai kai na babbar faɗi ba, amma Baba ba ya buƙatar wuri da yawa yanzu.

Dillalin zan kira shi Ranki-ya-daɗe, don ba ya iya gama magana bai faɗa sau biyu ba. Gajere ne mai ƙaton agogo. Ya ce wata likita ce ta hau ta, daga gida sai ofis, daga ofis sai gida. Duk motar da ke duniya likita mace ce ta hau ta, in dai dillali ne ke ba da labarin.

Na ɗora hannu a bonet. Da ɗumi.

Ya ce rana ce, ranki ya daɗe. Motar tana cikin inuwa, kuma na taɓa ta kusa da ita na ji sanyi ƙalau. Amma laifina ne, na kira shi a waya kafin in zo, kuma da yamma na zo. Mun zaga da ita, ko tari ba ta yi ba. Tayoyi huɗu iri ɗaya ne. Na leƙa ƙarƙashi, zanina ya ɓaci, babu ɗigon mai ko ɗaya.

Zan koma da sassafe.

Asabar, 7 ga wata, ƙarfe tara na safe

Na isa shida da kwata, ban gaya wa kowa ba. Ƙofar filin a kulle. Mai gadi ya ce makulli yana hannun mai wurin, in jira, ya shige ɗakinsa da waya a kunne. Minti arba'in na yi a bakin titi, ina jin ƙarar inji daga can ciki, ina ce wa kaina injin wuta ne. Da aka buɗe, sai ga Ranki-ya-daɗe a ciki yana goge hannu. Ashe akwai ƙofa ta baya. Ya ce sun matsar da motoci ne don a yi shara. Filin cike yake da ledoji.

Ɗumi.

Na juya kamar yadda aka ce in yi. Ya biyo ni har bakin ƙofa yana cewa akwai wani mutum da zai zo ya ɗauke ta ranar Juma'a, shi dai don yana ganin mutuncina ne ya gaya mini. Na san babu wani mutum. Na sani sarai, amma tun ɗazu nake tunaninsa, har na yi masa gemu da tumbi.

Lahadi, 8 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Mun yi da Yaya a gida, a gaban Umma, abin da ba mu taɓa yi ba. Ya ce ya ji labarin wani asibiti a wani gari mai na'urar da ba mu da ita, in kawo abin da na tara a kai Baba can. Ya ce mutane za su ce uba yana kwance, 'yarsa tana yawon neman motar gayu. Na ce mutanen su zo su ɗaga hoton a gaban fitila in sun iya. Ya ce mene ne a hoton. Na ce ya tambayi likita, ni mai ɗauka ce kawai.

Wallahi da na san tafiyar za ta ƙara masa ko wata guda, da goya shi zan yi in kai shi a ƙafa. Ban faɗi haka ba. Cewa na yi kuɗina ne. Mummunar magana ce, kuma na ga inda ta same shi.

Umma tana zuba ruwan zafi a filas, ya cika har ya zubo kan tebur ba ta lura ba. Sai da zan fita ta tambaye ni wane launi ce. Na ce toka. Ta ce irin ta Darakta ke nan. Ta ce in ɗauki Kawu Bakanike, abokin Baba, ya duba mini ita.

Na ce to. Ba zan ɗauke shi ba. Zai taɓa bonet ya ce a'a, kuma kafin in dawo Baba ya ji.

Litinin, 9 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Cokali biyu Baba ya sha. Ya tambayi mota.

Talata, 10 ga wata, ƙarfe huɗu da rabi na yamma

Likitan Baba ya kira ni ofishinsa. Shekara bakwai muna aiki tare, kullum a tsaye muke magana, yana tafiya ina bin sa da ambulan. Yau ya ja mini kujera, ya rufe ƙofa, ya kife wayarsa a kan tebur. Ba zan rubuta duk abin da ya ce ba. Ya ce Asabar za a sallame shi, gida ya fi masa, cikin iyalinsa. Ya ce shi zai yi wa Yaya magana da kansa.

Shugabar sashenmu ta ba ni hutun mako biyu ban roƙa ba. Matar da ko awa ɗaya ka nema sai ta ce ka rubuto. Na tsani kirkin da ake yi mini a asibitin nan kwana biyu. Ina shiga ɗaki kowa ya rage murya.

Asabar. Saura kwana huɗu.

Laraba, 11 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Fili huɗu na zaga tun asuba, ƙafafuna sun kumbura. A na ƙarshe na sami irinta, fara, a hannun wani dattijo da ba ya yawan magana. Bonet sanyi, har da raɓa a kai. Ya miƙo mini makulli ya koma gefe, bugu ɗaya ta tashi. Na kusa yin kuka a wurin.

Takardunta suna hannun mai ita, ya yi tafiya, sai ƙarshen wata. Dattijon ya ce ba ya sayar da mota babu takardu, ko 'yarsa ce ni. Ya ce in yi haƙuri, mako biyu da rabi ba wani abu ba ne. Na ce haka ne.

Alhamis, 12 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Na sayi mai launin tokar. Ban taɓa bonet ba, don na san abin da zan ji.

Alhamis, ƙarfe shida na yamma

Na kai wa Baba makullin. Ya juya shi a hannu yana neman haƙoransa, na ce irin na yanzu ne, a aljihu ake barinsa, maɓalli kawai ake dannawa. Ya ce to duniya ta zo ƙarshe, mota babu abin murzawa. Mutumin gado na uku ya karɓa ya gani, aka miƙa wa na gado na biyu. Rabon da in ga fuskar Baba haka an daɗe.

Sai ya ce, "Kin taɓa?"

Na ce na taɓa.

"Yaya kika ji?"

"Sanyi ƙalau, Baba."

Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce madalla, ya rufe ido da makullin a hannunsa. Sai da na jira ya yi barci na zare. Rabona da yi masa ƙarya tun ranar da na fasa madubin motar Darakta da ƙwallo na ce iska ce.

Yaya ya shigo ina fita. Likita ya yi masa magana, na gani a idonsa. Ya karɓi filas daga hannuna ya wuce.

Juma'a, 13 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Ba ta tashi ba.

Na danna, ta yi ta gurnani ba ta kama ba. Na sake. Na sake. Maƙwabta suka fara ɗaga labule. Jiya da na shigo da ita kowa sai da ya fito ya shafa, yau kowa ya zama bakanike daga taga. A karo na tara ta kama, tana karkarwa, sannan ta daidaita kamar ba ita ba. Na zauna a ciki ina riƙe da sitiyari. Tsoro nake ji, irin wanda ban ji ba ko a ofishin likita.

Juma'a, ƙarfe biyar na yamma

Ranki-ya-daɗe bai ɗauki waya ba, sai na je. Yau babu ranki ya daɗe. Ya ciro takardar da na sa wa hannu, ya ɗora yatsa a layin da ya ce na gani na yarda. Na gaya masa maganganun da ba zan so Umma ta ji ba. Ya ce a kawo mini ruwa.

Wani bakanike kusa da gidana ya saurare ta ya ce sai an kai ta wurin masu na'ura, kuma ko an gano, kayan irin wannan mota oda ake yi, kwana goma aƙalla. Kowa a garin nan yana da kwanaki da yawa a hannunsa.

Abin da na lura shi ne, in tana da ɗumi bugu ɗaya take tashi, in ta huce ne take gardama. Don haka gobe zan tayar da ita da sassafe, in kai ta asibiti, in riƙa sauka kowace awa ina tayar da ita har a sallame shi. Abin da aka yi mini shi zan yi wa Baba. Na rubuta ne don in gani da idona.

Asabar, 14 ga wata, ƙarfe bakwai da rabi na safe

Minti ashirin na yi da ita kafin ta kama. Na ajiye ta daidai ƙarƙashin tagarsa don ya gan ta. An ce ƙarfe goma za a sallame mu.

Asabar, ƙarfe sha ɗaya

Sau uku na sauka. Ba a sa hannu a takardar sallama ba tukuna. Hadari ya haɗo.

Asabar, ƙarfe bakwai na yamma

Ban sake sauka ba. Wajen sha biyu numfashinsa ya canza, ya kama hannuna, aka ja labule. Ba zan rubuta awa huɗun nan ba. An yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, ina jin sa a kan taga, kuma kunya nake ji in faɗa, amma rabin hankalina yana ƙasa wurin motar tana hucewa.

Ƙarfe huɗu numfashin ya dawo daidai. Likita ya ce ko a bari sai gobe. Baba ya ce motarsa tana jira.

Yaya ne ya turo shi a keke. Ruwa ya tsaya, filin duk ya jiƙe. Na yi sauri in buɗe ƙofar baya don mu wuce gaban motar, amma Baba ya ce a tsaya. Ya sa Yaya ya matsa da shi, ya miƙa hannun nan da duk allura ta huda, ya ɗora a kan bonet. Ya bar shi a wurin.

"Yauwa," ya ce. "Yanzu za mu ji gaskiyarta."

Ya ce tun safe yake kallona ta taga, ina sauka ina ɗumama ta kamar jinjiri. Ya ce ƙaryar ma ban iya ba, tun ta madubi.

Da Yaya ya ɗaga shi zuwa ƙofar, sai ya dafe bakinta ya tsaya. Na ga hannunsa ya tafi kan kujerar ya goge ta, sau biyu, kamar yadda ya saba. Yaya ya ce Baba, shiga za ka yi. Ya shiga. Ya zauna a kusurwar Darakta, a bakin kujerar, sai da na tura kafaɗarsa a hankali sannan ya jingina. Yaya ya zauna a gaba kusa da ni.

Na taka birki na danna. Ta yi gurnani ba ta kama ba. Na sake, haka. A na uku ƙarar ta fara yin ƙasa, batir yana gajiya. Masu jinya biyu sun tsaya a baranda suna kallo, mutumin gado na uku yana taga. Na ji Yaya ya ja numfashi zai yi magana, kuma duk abin da zai faɗa gaskiya ne. A raina har na hango an ciro Baba daga kujerar nan an sa shi a motar haya.

Daga baya Baba ya ce in bari, kada in kashe batir. Ya ce in ba ta wuta kawai, kada in tayar, a zamaninsu rabin makulli ake murzawa. Na ce babu makulli, Baba. Yaya ne ya ce in ɗage ƙafa daga birki in danna. Maganar farko ke nan da ya yi mini tun Lahadi. Na danna, fitilun gabana suka kawo, injin bai motsa ba.

"Ku yi shiru," in ji Baba.

Muka yi shiru. Can sai na ji wata 'yar ƙara siririya daga baya, ta yi kamar daƙiƙa uku ta tsaya. Baba ya dafa kujerar da tafin hannu ya ce ga shi nan a ƙarƙashinsa, famfon mai ne. Ya ce shekara ashirin da takwas Darakta yana zaune a kansa bai taɓa ji ba. Ya sa na kashe na sake ba ta wuta. Muka saurara. Ya sa na sake, na uku. Idonsa a rufe, kansa a karkace.

"Yanzu taka birki. Danna."

Bugu ɗaya ta tashi.

Yaya ya kifa kansa a gwiwa. Baba ya ce mai ne ke komawa tanki in ta daɗe a tsaye, sai an ba famfon lokaci ya turo shi. Ya ce in kai wa Kawu Bakanike, kuma in shirya shan faɗa.

"Ba mugun ciwo ba ne, Kwandasta. Irin wanda ake warkewa ne."

Ban san yadda na fita daga filin ba, don ba na ganin gabana sosai. A bakin ƙofar asibiti Yaya ya ce in tsaya. Ya fita a guje ya tsallaka titi, ya dawo da jarida, ya miƙa baya bai juya ba. Ni da na yi alkawarin na manta da ita.

Baba ya ce a bi ta doguwar hanya, ta gaban tsohon ofishin Darakta. Bai buɗe jaridar ba, a cinya ya ajiye ta ya ɗora hannu. Ya nuna mana bishiyar da yake fakewa yana jira, an sare rabinta. Ya ce ashe daga nan baya sama ake gani da saman gidaje, shi kullum titi yake gani. Sau biyu ya ce birkina ya yi ƙarfi, da Darakta ne da tuni an kore ni. Na ce a yi haƙuri, ranka ya daɗe. Ya yi dariya har ta zama tari, muka jira ya lafa.

Umma tana tsaye a ƙofar gida. Ina tsayar da motar na ga hannunsa ya yi sauri ya kai ga mariƙin ƙofa, jikinsa ya yunƙura, don shekara ashirin da takwas in mota ta tsaya shi ke fara fita.

Na ce, "Baba, zauna. Ni zan buɗe."

Ya janye hannun, ya mayar kan jaridar. Na fita na zagaya ta baya, ban yi sauri ba. Ya jira ni.

Lahadi, 15 ga wata, ƙarfe goma na safe

Ya sha rabin kofin shayi. Ya sa an buɗe labule don ya riƙa ganin motar.

Laraba, 18 ga wata, ƙarfe uku na rana

Bai tambayi mota ba.

Alhamis, 26 ga wata, ƙarfe tara na safe

Masu zuwa ta'aziyya sun ragu. An mayar da kujerun da aka aro wurin maƙwabta. Kawu Bakanike ya zo jiya ya ce famfon da ya yi oda ya iso, in kawo ta duk ranar da na ga dama. Bai yi mini faɗan ba, ya tsaya dai ya daɗe yana kallon ta. Na ce ya ajiye mini tukuna.

Yau Umma ta ce in kai ta gidan ƙanwarta, ta gaji da zaman ɗaki. Na fito na ɗora hannu a bonet, sanyi. Na ba ta wuta sau uku, ina saurare, sannan na taka birki na danna, ta tashi.

Umma ta fito ta buɗe ƙofar baya. Jaridar tana nan a kusurwa, a naɗe yadda ya bar ta. Ta tsaya tana kallo, sannan ta rufe ƙofar a hankali, ta zagayo ta zauna a gaba kusa da ni.